San-Luwi da Lompul bayan ziyarar Kaulaha: teku ta ci kuɗinta, rairayi kuwa sai haƙuri

Tun da munka dawo mutane ke tare ni, a masallaci, a kasuwa, har wurin suna, wai yaya wannan ƙarin yawon bakin teku da ajans ɗin ta haɗa muna bayan Maulidin Kaulaha ta ƙasar Senegal, shin ya cancanci kuɗin ko kuwa wayon cin kuɗin mutane ne kawai. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, bakina ya huta. Ba zan kama sunan ajans ɗin ba, waɗanda sunka san ta sun san ta.

Ga yadda tsarin yake. In an gama ziyara a Madina Baye, masu komawa gida su wuce Dakar, waɗanda sunka ƙara kuɗi kuma a zuba su cikin ƙaramar kar a yi arewa da su, a tsaya Tiwawan a ziyarci Alhaji Malik Si, a kwana cikin rairayin Lompul, a wuce San-Luwi wanda ƴan garin ke ce ma Ndar, sannan a komo Dakar a hau jirgin Yamai. Cikin kuɗin akwai mota, masauki, abinci, da gid mai zagayawa da mutane. A takardar tallar sun saka hoton tsuntsayen gandun Juj babba a sama, ku riƙe wannan, zan zo kanshi.

Motar ba laihi, klim na aiki, direba dattijo ne marar gaggawa, hanya kwalta ce mai kyau har can. Abin da ya fara ɓata min rai shi ne takardar shirin tahiyar, ka duba daga sama har ƙasa babu inda anka rubuta lokacin salla, alhali duk mutanen da ke cikin motar daga ziyarar Shehu Ibrahim Inyas sunka hito. Kana gani ka san tsarin Turawa ƴan yawon buɗe ido ne anka kwaso anka liƙa muna. Ga shi agogon Senegal na bayan namu da awa ɗaya, wasu wayoyinsu sun gyara kansu wasu ba su gyara ba, sai gardama ta kaure cikin mota ko azahar ta yi ko ba ta yi ba. Gid ɗin ne ya kashe wutar, ya ce ma shugaban tahiyarmu, Alhaji ku yi haƙuri, daga yanzu ku za ku faɗa min lokacin salla ni in gina sauran bisa kai. Kuma haka ya yi har munka rabu. Saurayi ne ɗan Ndar, a jami'ar Gaston Berje ta garinsu ya yi karatu, shina jin Faransanci da Wolof da ɗan Larabci, Hausa kam babu, yaron ajans ɗin ke fassara ma dattawa. In da wani abu ɗaya da kamfanin nan ya yi daidai ɗari bisa ɗari to ɗaukar gid ɗin nan ne.

Yanzu Lompul. Daga Kebemer ake barin babbar hanya a yi yamma, in an kai ƙauyen a sauke ku a hau kat-kat mai buɗaɗɗen baya, ya yi ta tsalle da ku cikin rairayi na ɗan lokaci, sai ga fararen tantuna irin na Muritaniya an jera ƙarƙashin tudu. Shi ke nan, an iso "hamada". Duka-duka hilin bai wuce murabba'in kilomita 18 ba, ka hau tudu mafi tsawo kana hango itatuwa ta kowane gefe. Rairayin ja ne mai laushi, ba zan ce ba shi da kyau ba, ga iskar teku mai sanyi na busowa wadda tamu hamadar ba ta da ita. Amma jama'a, mu hwa daga Nijar munka zo. Wanda ya taɓa wuce Tanut ya nufi Agadez, balle wanda ya ga Tenere ko farin rairayin Tal na wajen Ngigmi, ka ɗauko shi ka kawo shi nan ka ce ya biya kuɗi ya kwana? Kuma ba ƙaramin kuɗi ba, da munka zauna munka yi lissahi daga baya, daren nan guda ya kusa cin kuɗin kwana biyu na otal ɗin San-Luwi.

Hawan raƙumi ma ba ya cikin kuɗin, a wurin ake biya daban. Akwai wani dattijo cikinmu da ya yi shekaru shina saye da sayar da bisashe a kasuwar Sabon Mashi, da anka jawo raƙuman bai ce komi ba, ya je ya ɗaga leɓen guda ya duba haƙora, ya taɓa tozo, ya sunkuya ya kalli gwiwa inda ta sha gurhwane, sannan ya juyo ya ce ma mai fassara, yaro gaya mishi wannan dabba hutu take so da harawa, ba Bature ba. Mai raƙumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Baba ai kai ne za ka hau kyauta. Bai hau ba. Cikinmu yara biyu matasa kaɗai sunka hau dan su ɗauki hoto.

Da dare kuma anka kunna wuta anka kawo makaɗa, Turawa na rawa, gefe guda ana sayar da giya, mu kuma ga Hajiyoyi da carbi a hannu an ajiye mu kusa da su dan teburin cin abinci ɗaya ne. Ba wanda ya ci muna mutunci, ma'aikatan wurin masu ladabi ne ƙwarai, su ma musulmi ne kuma sun ga abin bai dace ba sunka ja muna tabarmi can nesa. Amma wanda ya tsara tahiyar ya kamata ya san wa yake ɗauka. Ga shi damina ce, an yi ruwa kahin mu zo, tanti na warin danshi, sauro kamar an aiko su, gidan sauron da ke tantinmu ya yage ta gefe sai da munka ɗaure shi da igiyar takalmi, wutar sola ta mutu tsakar dare ba wurin cajin waya. Can nesa kuma kana hango hitilun kamfanin da ke haƙar ma'adinin zirkon cikin rairayin, gid ya ce injin ɗinsu ya riga ya ci wani ɓangare na hamadar har sai da anka matsar da wasu masaukai. Ga ɗan Dakar ko ɗan Faransa da bai taɓa taka tudun rairayi ba, wurin abin zuwa ne. Ga Bamaraɗe, ɗauke ruwa ne zuwa rijiya.

Da sahe anka kai mu bakin ruwa ta Lompul ta teku, nan ne mafi yawanmu sunka fara ganin teku ido da ido ba ta tagar jirgi ba. Tun kahin ka gan ta kake jin rugugi. Wata Hajiya ta tsaya cak ta ce ba ta ƙara taku ɗaya, wani ya duƙa ya ɗanɗana ya tohwar, wani ya ajiye takalmi bakin ruwa dan ya jiƙa ƙafa, igiya ta zo ta tahi da ƙafa ɗaya, da silifas ɗin aro ya ƙarasa tahiyar. Kusan kowa sai da ya cika buteli da ruwan zai kai gida.

Abin da ba ya cikin shiri amma ya fi min daren Lompul daɗi shi ne garake. Duk tsawon gaɓar nan daga Dakar har San-Luwi akwai kwari-kwari tsakanin tuddan rairayi da suke ce ma niyay, ruwa na kusa, nan ake noman karoti da shu da tumati da albasa da ake ci a birane, an kuma dasa jerin itatuwan filawo ta bakin teku dan su tare rairayi kar ya binne gonakin. Mu da muke da manoman rani na Jiratawa cikin mota ai dole anka roƙi direba ya tsaya. Mai garkar ya tambayi daga ina, da anka ce Nijar sai ya ce Galmi! ya shiga bukka ya ɗauko gwangwanin irin albasa ya nuna muna, ga shi a rubuce, irin Galmi ne yake shukawa. Nan hira ta ɓarke ta hanyar masu fassara biyu, yadda ake ajiyar albasa kar ta ruɓe, kuɗin taki, gishirin da ke shiga rijiya in an zurfafa. Da ƙyar anka mayar da mutane mota.

San-Luwi kuwa, nan ne kuɗinmu ya hito. Ana shiga ta unguwar Sor, sai ga gadar ƙarhe a gabanka bisa kogin Senegal, tsawon mita 507, an buɗe ta a 1897, gaɓa bakwai gare ta kuma ɗaya daga ciki an yi ta ne ta iya juyawa jirgin ruwa ya wuce. Mai keken dokin da ya ɗauke mu, kalesh suke ce mishi, ya fara ba mu labari wai wanda ya gina hasumiyar Paris shi ya ƙera ta, gid ya bari sai da ya gama sannan ya ce muna a hankali wannan zance ne da ake faɗa ma baƙi dan ya yi daɗi, wani kamfanin Faransa ne daban ya yi aikin. Tun daga nan na yarda da shi, dan mutumin da zai rage ma labarin garinsu armashi saboda gaskiya ba zai ƙara maka gishiri a sauran ba.

Tsohon garin tsibiri ne siriri tsakiyar kogi, tsawonshi kilomita 2 da ɗan wani abu, faɗinshi kuwa ka tsaya a wasu tituna kana ganin ruwa hagu da dama. Faransawa sunka kafa shi a 1659, UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya a 2000. Gidajen bene ne masu baranda ta katako da ƙarhe, fenti ruwan ɗorawa da ja, wasu an gyara sun zama otal da gidan abinci, da yawa kuma suna zubewa, ga tumaki ɗaure a ƙofa, ga shanya bisa baranda. Kar wanda ya zo da tunanin zai ga wuri tas-tas kamar a hoto, bakin kogin akwai shara da leda, wani wurin sai ka toshe hanci.

Yawon kalesh ɗin shi ne zuciyar abin, kuma gid ɗin ya gane irin labarin da zai shige mu. Bai ɓata muna lokaci ba wurin otal ɗin da matuƙin jirgin saman nan Mermoz ke sauka, wanda ya tashi daga nan ya ƙetare teku zuwa Burazil a 1930, nuni kawai ya yi munka wuce. Gaban fadar gwamna ya tsayar da mu. Ya ce daga 1895 zuwa 1902 nan ne hedikwatar duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa kahin a mayar Dakar. Na yi lissahi a raina, ke nan a 1899 lokacin da sojojin Faransa Vule da Shanwan sunka ƙone Birnin Ƙonni sunka bi ta ƙasarmu suna ɓarna har ajalinsu ya same su wajen Maijirgi kusa da Tasawa, babban gwamnan Turawan cikin ginin ga yake zaune shina shan iskar teku. Na faɗa ma gid, bai san labarin ba, ya ciro waya ya rubuta sunayen garuruwan. Cikin ginin nan ne kuma anka gurhwanar da Shehu Ahmadu Bamba ranar 5 ga Satumba 1895, ya yi sallarshi raka'a biyu gaban Turawan, sunka kore shi zuwa Gabon, har yau mabiyanshi muridai na taruwa kowace shekara ranar. A hilin da ke gaban fadar da akwai gunkin gwamna Federb, ya faɗi a 2017, a 2020 kuma anka cire sunanshi daga hilin anka mayar Baya Ndar, amma gada har yanzu da sunanshi ake kiranta. Shi ne wanda ya kara da Shehu Umaru Futi a Madina ta bakin kogin, cikin Mali ta yanzu, a 1857. Da anka ambaci Shehu Umaru sai dattawa sunka gyara zama, nan kuma su sunka koma ba gid labari, zamanshi a Sakkwato da aurenshi da ɗiyar Sarkin Musulmi Bello. Mu Katsinawan Maraɗi da Sakkwato kowa ya san abin da ke tsakani a tarihi, amma ran nan har mu munka yi ta alfahari da surukuta.

Mun yi la'asar a babban masallacin arewacin tsibirin, wanda ke da agogo da ƙararrawa jikin hasumiya, abin da ban taɓa gani ba a wani masallaci, munka leƙa zawiyar Alhaji Malik Si da ke nan cikin garin.

Otal ɗin tsohon gida ne mai tsakar gida da ɗakuna masu dogon rufi, zannuwa masu tsabta, klim na aiki a ɗakina amma na maƙwabcina sai ƙara ba sanyi. Ruwa ba ya hawa sama da ƙarhi da sahe. Matakalar bene a tsaye take, kuma sai anka ba tsohi ɗakunan sama matasa na ƙasa, mu da kanmu munka yi musanya. Babu buta a ban ɗaki, babu alamar alƙibla, sai da munka tambaya anka kawo buta biyu ga mutum goma sha wani abu, washegari munka sayo namu a kasuwar Sor. Ƙananan abubuwa ne, amma ajans ɗin da ke ɗaukar alhazai ai waya ɗaya za ta buga kahin mu iso a shirya.

In ka ƙetare ƙaramar gada ta yamma ka shiga Get Ndar, unguwar masunta, wadda ke bisa wani siririn tudun rairayi tsakanin kogi da teku, wanda ake ce ma Lang da Barbari. Nan ne wurin da ba zan manta ba. Cunkoso sai ka ce babbar kasuwar Maraɗi ran jajibirin Salla, yara, tumaki, amalanken doki, kowa bisa kowa. Da yamma jiragen ke dawowa, dogayen kwalekwale na katako masu fenti kala-kala, an rubuta sunayen shehunai da na iyaye mata a jiki, tun ba su gama tsayawa ba samari sun faɗa ruwa har ƙirji da akwati bisa kai, a cika musu da kihi su hito da gudu ruwa na zuba bisa huskarsu, ga yara ƙanana na bin su a baya suna tsintar wanda ya faɗo, ga manyan motoci masu ƙanƙara na jira, mata kuma su ke riƙe da kuɗi su ke ciniki, murya sama ba mai raga ma wani. Gaba kaɗan wurin shanya da banda ne, hayaƙi da ƙarni, wanda cikinshi ba shi da ƙarhi ya tsaya nesa. Gid ya gargaɗe mu tun a mota kar wanda ya ɗaga waya ya ɗauki mutum hoto bai tambaya ba, sun gaji da baƙi masu mayar da su abin kallo. Mun yi sallama mun gaisa da hannu, sai ga shi su da kansu ke kiranmu mu zo mu gani. Akwai maƙabartarsu ma can gaba, wasu kaburburan an lulluɓe su da komar kamun kihi.

Ta ɓangaren teku kuwa abin tausai ne. Layin gidaje na farko ruwa ya cinye, ka ga ɗaki rabi tsaye rabi babu, tayil ɗin ban ɗaki a waje, har makaranta ta tahi. Yanzu an jibge manyan duwatsu dan tare igiyar. Gid ya ba mu labarin 2003, lokacin da kogi ya cika zai shanye garin, hukuma ta sa anka yanka tudun ta kudu, ƴar hanya mai faɗin mita 4, dan ruwa ya samu mahita zuwa teku. Garin ya tsira, amma teku ta kama bakin nan ta yi ta ci har ya zama kilomitoci, ƙauyen Dun Baba Jey ya nutse gaba ɗaya, gishiri ya shiga gonaki, masunta da yawa sun halaka wurin ƙetare mashigar. Waɗanda gidajensu sunka rushe an kwashe su zuwa Jugop, can cikin tudu nesa da ruwa. Mu ma kakanninmu sun ga irin haka, a 1945 Gulbi ya cinye tsohuwar Maraɗi anka hau da gari bisa tudu. Sai dai manomi in an matsar da shi shina iya gangarawa fadama da ƙafa ya yi aikinshi ya dawo, masunci kuwa da zai hita tun asuba ta fari, jirginshi na bakin teku shi shina can nesa, kullum sai ya biya mota. Shi ya sa wasu sunka ƙi tashi, suna nan cikin rabin ɗaki. Da dare in ka dubi teku akwai wuta can tsakiya, wurin haƙar gas ne na Senegal da Muritaniya, masuntan na kukan an hana su kusantar inda sunka saba samun kihi, ga iyakar Muritaniya nan kusa sai da lasisi ake shiga ruwanta. Samarinsu da yawa sun hau irin jiragen nan sun nufi tsibiran Kanari na Ispaniya, yadda namu ke bi ta Agadez. Wata tsohuwa mai bandar kihi da anka fassara mata daga inda muke ta ce, ku rairayi ke cinye muku ɗiya mu ruwa.

Wurin shan iska na Idrobaz ke kudu da unguwar, rairayi fari mai faɗi, in ka yi nisa da gidaje ya fi tsabta. Amma dan Allah kar ruwan nan ya ruɗe ku. Gaɓar arewacin Senegal an san ta da ja, igiya na janye rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka kana tsaye, mu kuma iyakar iyonmu tabki ne da Gulbi in ya kawo. Ban ga mai tsaron masu wanka ba ranar da munka je. Gid ya ja layi da ƙafa ya ce iyaka gwiwa, kuma ya tsaya kanmu kamar makiyayi. Inda ajans ta yi babban sakaci shi ne yawon kwalekwale cikin kogi, an kawo jirgi rigunan ruwa ba su kai rabinmu ba, yaron ajans na cewa ba komi ai kusa ne. Shugaban tahiyarmu ya ce mishi, ɗana, ko ɗaya ba mai shiga sai kowa ya samu tashi. Sai da munka jira kusan awa sannan anka aro daga wani jirgi. Wannan ba abin da za a bari sai baƙo ya yi rigima ba ne.

Abinci. A gidan abincin da ajans ta yi ciniki da shi cikin tsibiri an ba mu cep, wato cebujen, shinkahwa da kihi, a faranti kowa da nashi, da cokali mai yatsu, ba yaji ba tsami, an rage mishi ƙarhi saboda Turawa, ɗan kihi kamar na roƙo. Da munka yi ƙorahi gid ya ce gobe ku bar min. Ya kai mu wani gida a Get Ndar, anka shimfiɗa tabarma anka kawo manyan tire. Wannan shi ne cebujen. Karyayyar shinkahwa ce ƙanana ta sha tumati da mai ta yi ja, kihin teku babba an tsaga shi an cusa mishi haɗin ganye da tafarnuwa da tonka, ga shu, karoti, rogo, yalo mai ɗaci, ga miyar tsamiya da dakakken ganyen yakuwa a gefe, akwai wani busasshen naman kodin teku da suke sakawa mai wari amma shi ke ba romon ɗanɗano, sannan uwar gida ta kawo ƙanzo a kwano daban, nan ne Alhazai sunka manta da girma. Tana zaune tana gutsuro kihi tana turo ma kowa gabanshi. Sun ce a garin nan anka ƙirƙiro girkin, wata mata Penda Mbay a ƙarni na 19, kuma UNESCO ta amince da shi cikin al'adun duniya a 2021. Bayan nan bisap da ruwan kuka, sai shayi zagaye uku. Da sahe kuwa kafe Tuba na bakin titi, mai kimba a ciki, ya fi kofin otal nesa ba kusa ba. Wanda ya yi kewar hura ya nemi cakiri, degen gero ne da nono, zai rage zafi. Mutum biyu cikinsu ya ɓaci ranar farko, ku tahi da maganinku.

Sauran ƙananan bayanai: kuɗinsu sefa ce irin tamu, ba canji ba asara. Kusan kowa har mai kalesh shina karɓar Wave, wato biyan kuɗi ta waya, amma sai kana da layin ƙasar, ku sayi sim tun a Kaulaha. Ku riƙe fasfo da katin rigakahin shawara a jiki, tun da munka hita CEDEAO a Janairun 2025 bai kamata mutum ya dogara da katin ɗan ƙasa kaɗai ba. Ku yi cinikin kalesh kahin ku hau in ku kaɗai kunka hita. Wanda ba ya jin Faransanci kar ya yi nisa shi ɗaya, Wolof ce ke aiki, sai Fulatanci ga mai shi.

To sai Juj. Gandun tsuntsaye ne kamar kilomita 60 arewa da garin, shi ma UNESCO ta san da shi tun 1981, kuma hoton kwasakwasan nan dubbai da ke bisa takardar talla daga can ne. Sai da munka iso San-Luwi anka gaya muna wai ba lokacinshi ba ne, tsuntsayen da sanyi suke zuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, yanzu kuma damina hanya ta ɓaci. Gaskiya ne, gid ma ya tabbatar. Amma mai ajans ai ya san watan da Maulidi zai kama tun kahin ya buga takarda, ya kuma karɓi kuɗin shiga da na jirgin ruwa cikin jimilla. Duk wanda zai yi rajista bana ya zauna da su ya ce a rubuta mishi kuɗin kowane abu daban, a cire Lompul ko a mayar da ita tsayawar awa biyu da rana, a ƙara kwanan a San-Luwi, a rubuta sunan gid ɗin da za a ba ku, a rubuta rigar ruwa, kuma in Juj ba ta yiwuwa a watan a cire kuɗinta tun a nan Maraɗi.

Mu da munka dawo mun je ofishinsu mu huɗu kan kuɗin Juj ɗin. Mai ajans ɗin ya karɓe mu da fara'a, ya sa anka kawo ruwan sanyi, ya ce kuɗi sun riga sun shige lissahi amma zai rage muna a tahiya ta gaba. Hajiyar da ke cikinmu, wadda ta haife shi ta yi jika da shi, ta ce ɗana ni shekarata saba'in, wa ya ba ka tabbacin tahiya ta gaba, ba ni abuna in sai ma jikokina goro da alewa. Ita dai ya buɗe durowa ya ba ta nata nan take. Mu ukun ya ce mu dawo ƙarshen wata.